Shafi Na Uku

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da insha'i a sakandaren garinmu, kuma duk tsawon lokacin nan kayan aikina biyu ne, koren biro da wani tsohon gwangwanin kofi. Da su na raba Kendra Rautio da kakarta. Mutanen gari in suna son su kwantar mini da hankali sai su ce ai doka ce, ai gunduma ce, ai Verna Kangas ba ta da laifi. Jin su kawai nake yi. Ni na san abin da na yi, na kuma san ranar da na yi shi.

Gwangwanin nan, ba wanda ya yi aji goma a garin nan bai sa hannu a cikinsa ba. 'Yan takardu arba'in ne a ciki, a nannaɗe: goma a kan na'urori, goma a kan littattafai, goma a kan wasanni, goma a kan daji da tafki da abin da ke yawo a cikinsu. Ran Litinin kowa ya zari ɗaya, ran Juma'a ya kawo mini shafi uku zuwa biyar da rubutun hannunsa. Samarin addu'arsu ɗaya ce, su zaro wasan hoki. Sai ka ga ƙato, wanda ba ya tsoron a fasa masa haƙori a kan ƙanƙara, ya warware takarda ya ga “Littafin da ya sa ni kuka”, ya yi tsuru-tsuru yana kallon rufin aji. Ni kuwa abin yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Dokokina biyu ne: ba musanya, ba ƙarya. Ƙaryar ɗalibi tun a layin farko nake jin warinta. Kuma kowace Litinin, kafin gwangwani ya zagaya, nakan ɗauko insha'in da ya fi kyau in karanta wa aji ba tare da na faɗi sunan mai shi ba. Yaran suna yi kamar abin bai dame su ba, amma akwai magidanta yau a garin nan da in sun sha kwalba biyu sai sun tuna wa mutane cewa Malama Kangas ta taɓa karanta nasu.

Kendra shekararta goma sha biyar, siririya, kujerarta ita ce ta ƙarshe kusa da taga. Kullum kayanta suna ƙanshin hayaƙin itace, kuma in aka kaɗa ƙararrawar tashi ita ce ta farko a bakin ƙofa. Na san gidansu, wa bai sani ba? Kakarta Aili ta yi shekara ashirin tana dafa wa makarantar nan abinci, har huhunta ya gaza aka maƙala mata robar iska a hanci. Uwar yarinyar, Dawn, ita ma ta zauna a ajina, kanta yana rawa tun tana ƙarama. An ce tana aiki a rijiyoyin mai na Dakota ta Arewa, tana leƙo gida duk bayan mako biyu. Takardun da ake ba yara su kai gida a sa musu hannu kuwa, na Kendra ba su taɓa makara ba, da sunan Dawn a ƙasa tsaf. Saboda haka ba wanda ya tambaya.

Daga Satumba zuwa Nuwamba ta ba ni insha'i tara. Ta rubuta a kan mai tsaron gida a hoki, ta rubuta a kan wani littafi da na tabbata bangonsa kawai ta karanta, ta rubuta a kan ƙudajen daji masu cizo. Babu kuskure ko ɗaya, babu kuma rai ko kaɗan. Abin yana ba ni haushi fiye da shirmen samarin, domin su iyakar kansu ke nan, ita kuwa ina ganin idonta na san akwai abu a ciki ta kulle. C nake ba ta, ta karɓa ta ninke ta sa a jaka, ko ta kalle ni.

Litinin ta biyu a Nuwamba ta zaro “Na'urar da gidanmu ba zai kai gobe ba in babu ita”. Ran nan ba ta ruga ƙofa ba. Ta jira aji ya watse, ta zo gaban teburina da takardar a hannu.

“Malama, don Allah ki bari in musanya. Colton ya yarda, shi agwagin daji ya zaro.”

Na ce mata uwarta ma ta zauna a ajin nan ba ta musanya ba, ba a kanta za a fara ba. Ta ce to, za ta rubuta a kan firij. Nan na hau ta da faɗa. Na ce ta rubuta a kan firij ta sake cin C, na gaji da karanta rubutun da ya yi kama da cike fom a asibiti. Na ce Allah ya ba ta kai amma tsoro ya hana ta amfani da shi, kuma matsoraci bai taɓa rubuta abin kirki ba. Ina faɗa ina jin daɗin bakina. Ta tsaya tana murza takardar har na gama.

“In na rubuta gaskiya, wa zai karanta?”

“Ni.”

“Ke kaɗai?”

“Daga ni sai Allah,” na ce, har da ɗaga mata hannu.

Ran Juma'a ta ajiye shafi biyar a ƙasan na sauran ta fice. Asabar da safe na zauna a teburin kicin da kofi da birona, kamar kullum. Waya, waya, keken ƙanƙara, waya, injin wanki. Sannan nata.

Shafin farko injin ne kawai. Wani abu mai tayoyi huɗu, tsayinsa zuwa gwiwa, a gefen gadon kakarta, wadda take kira Mummu kamar yadda jikokin ƙabilar Finawa suke kiran kaka a nan. Yana zuƙar iskar ɗaki ya tace ya tura ta doguwar roba har hancin tsohuwar, yana gunji yana huci dare da rana. Ta faɗi yadda ake wanke matacinsa ran Lahadi, da yadda robar take naɗe ƙafar kujera, da yadda take gane lafiyarsa daga murya tun tana bakin titi. A shafi na biyu ne kofina ya huce ban sani ba. Dawn ta tafi tun Agusta, ta yi waya sau ɗaya a Satumba, daga nan lambar ta daina shiga. Kendra ce take sa hannu a takardun makaranta. Ita ke faskare, ita ke girki, ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke tuƙa a-kori-kurar kakanta ta hanyar bayan gari zuwa kantin magani, ba lasisi ba komai. Kan Mummu ya fara juyewa tun bara, ba su gaya wa kowa ba, domin sun san abin da ake yi wa tsohuwa irin wannan da yarinya irin wannan. Ɗaya a kai ta gabas, ɗaya a kai ta yamma.

Shafi na uku har yau ina iya karanta shi da ka:

“Mummu ta ɗauka gunjin injin nan gunjin injin yanka katako ne, inda kakana Toivo ya yi aiki kafin a rufe wurin. Muddin tana jin sa, to Toivo yana wurin aiki, zai dawo ƙarfe huɗu, ita kuma za ta zauna da robarta a hanci ta jira shi. Shi ya sa nake iya zuwa makaranta. In gunjin ya tsaya, to wani ya ji rauni, domin a zamaninsu ba a kashe inji da rana sai an yi haɗari. Sai ta cire robar ta fara neman takalmanta.”

Ta ce in aka ɗauke wuta akwai tukwanen iska biyu a bayan ƙofa, amma tukunya ba ta da murya, iskarta shiru take fitowa. Don haka ta ɗauki gunjin injin a wayarta, minti arba'in, in wuta ta ɗauke sai ta jona tukunya ta ajiye wayar kusa da kunnen tsohuwar. Ranar da aka ce za a yi guguwa kuwa ba ta zuwa makaranta sam, don kada wuta ta ɗauke ba ta nan.

Na san dokar. Duk watan Agusta ana tara mu a ɗakin karatu a karanta mana ita, mu sa hannu: malamin da ya ga alamar yaro ba mai kula da shi, dole ya kira ofishin kare yara nan take, ba sai ya tabbatar ba, ba sai ya yi shawara da kowa ba. Na zauna na ce ba zan kira ba. Na ce zan yi abin da iyayenmu suke yi a da, in je gidan, in ga fasto a asirce, a nemo wata 'yar'uwa. Ran Lahadi bayan coci har na dafa tukunyar miyar wake na sa a mota na tuƙa zuwa bakin titinsu. Na ga hayaƙi yana fita, na ga itace a jere gwanin sha'awa. Sai na fara tunanin me zan ce in Aili ta buɗe ƙofa ba ta gane ni ba. Na juya mota. Miyar nan ni na shanye ta cikin kwana uku.

Litinin aka tashi da iska da dusar ƙanƙara, kujerar Kendra ba kowa. Na tsaya gaban aji da tarin takardu a hannu, na duba wanda na ware don karantawa, wani abu ne na wata yarinya a kan injin ɗinkin uwarta, ba laifi. Nata kuma yana ƙasa, ina jin sa a tafin hannuna. Shekara talatin da ɗaya ina jiran takarda irin wannan. Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa 'ya'yan masu saran itace cewa rubutu yana iya tsayar da numfashin mutum, suna kallona suna hamma. Zuciyata ta ce ai ba suna zan faɗa ba, ta ce ai yarinyar ma ba ta nan balle ta ji kunya, ta ce shafin farko kawai, na injin, babu wani sirri a ciki. Ba tausayi ba ne ya sa ni, kada wani ya gyara mini. So nake a ga abin da ajina ya haifar.

Na mayar da Mummu “Kaka”, na fara. Kafin in kai ƙarshen shafin farko aji ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa samu ba. Colton Lahti, wanda ƙafarsa ba ta taɓa daina rawa a ƙarƙashin tebur ba, ya zauna kamar an dasa shi. Na kai inda na yi niyyar tsayawa, na ɗaga ido na ga fuskoki ashirin da ɗaya suna jira, sai na juya shafi. Da na zo na uku har rage murya na yi, na ɗan dakata kafin maganar takalma don ta shiga sosai. Ta kuwa shiga, wata yarinya a gaba ta sa hannun riga tana share ido. Da na gama ba wanda ya yi motsi, sannan ɗaya bayan ɗaya suka waiwaya suka kalli kujerar da ke kusa da taga. A garin da bai kai mutum dubu da ɗari biyu ba, tsofaffi nawa ne masu robar iska a hanci da jika a aji goma? Magana zarar bunu ce, na sani tun kafin in ajiye takardar.

Talata Kendra ta zo. 'Yan matan da ba su taɓa ce mata sannu ba suka tare ta a ƙofa, wata ta rungume ta, wata ta ba ta biskit a leda. Da haka ta gane. Ta zauna a kujerarta, ba ta fito da littafi ba, ta kafa mini ido minti hamsin cur. Na koyar da wani abu ran nan, ban san ko mene ne ba.

Da aka fita cin abincin rana shugaban makaranta, Gordon Beaudoin, ya aiko a kira ni. Gordon ɗalibina ne, ya taɓa zaro “Ranar buɗe farautar barewa” ya rubuta mini shirme shafi biyu da rabi, har yau in na shiga ofishinsa sai ya miƙe. Ya rufe ƙofa ya ce iyaye uku sun kira shi, ɗaya nas ce, ta ce in makaranta ba ta kai rahoto ba ita za ta kai.

“Malama, tun yaushe kika sani?”

Na ce tun Asabar. Ya dafe goshi. Na ce ya ba ni mako guda, matan coci za su raba kwanaki, za a samu mai zama da Aili, yarinyar tana riƙe da gidan fiye da yadda uwarta ta taɓa riƙe shi. Ya ce mako gudan nan da ma ina da shi, ran Asabar, lokacin da daga ni sai takardar. Yanzu rabin gari ya ji. Ya ce ko ni ko shi, wani zai kira kafin ƙarfe ɗaya, kuma in shi ya kira dole ya faɗi cewa na kwana uku da sani na yi shiru, lasin koyarwata ya tafi ke nan, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Ya juyo da wayar teburinsa ta fuskance ni, ya fita ya ja ƙofa.

Da ma za a kira, haka kowa yake ce mini, kuma gaskiya ne. Amma yatsana ne ya danna lambar, muryata ce ta jero sunan yarinyar harafi harafi. Da matar da ta ɗauki wayar ta tambaya ko akwai shaida a rubuce na ce akwai, na je da kaina na buga kwafin shafi biyar ɗin na aika.

Washegari ana tsakiyar darasina aka ƙwanƙwasa aka ce Kendra ta zo ofis da jakarta. Ta tashi, ta dubi agogon bango, ta fita. Matar da gunduma ta aiko ba muguwa ba ce, na gan ta, yarinya ce ƙarama da idanu jajaye don gajiya. Ita da bakinta ta ce ba ta taɓa shiga gida mai tsabta irin wannan ba, magunguna a jere kowace rana da nata, abincin mako a firij da suna a jiki. Amma 'yar shekara goma sha biyar 'yar shekara goma sha biyar ce, tsohuwar kuma ta ce mata shekarar da ake ciki ita ce wadda aka haifi Dawn. Aka nemi Dawn ba a same ta ba. Aka nemi dangi, sai wani ɗan'uwa a Arizona da ya ce shi ma jinya yake yi. Matan coci suka taso da takardar raba kwanaki, sunaye goma sha huɗu, suka kai wa alƙali, ihu bayan hari. Kafin ƙarshen wata an kai Aili gidan kula da tsofaffi mil casa'in gabas da mu, an ba wasu mutane riƙon Kendra mil sittin ta kudu. Kamfanin da ya ba da hayar injin ya aiko mota ta ɗauke abinsa.

Sau uku na fara rubuta wa yarinyar wasiƙa ina yagawa. Aili kuwa na ce zan je in gan ta in hanya ta yi kyau. Hanyarmu ba ta yin kyau sai Afrilu, kowa ya sani, ni ma na sani lokacin da nake faɗa. Gwangwani ya ci gaba da zagayawa. Yaran suka koma rubuta mini cewa gidansu lafiya lau, babansu yana son kamun kifi, littafin ya koya musu haƙuri. Ina jin warin ƙaryar tun a layin farko, ina ba da maki ina wucewa.

Aili ta rasu a makon ƙarshe na Janairu. Ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa kabari sai Mayu, don haka addu'a kawai aka yi a coci aka kai gawar ɗakin ajiya na maƙabarta, mu kuma muka sauka ɗakin ƙasa na cocin cin abinci da tsakar rana. Kofi, burodi mai zaƙi, dankali da cuku, abin da Aili da kanta ta dafa wa mamatan garin nan shekara da shekaru. Na samu kujera a lungu kusa da inda ake rataye riguna. Ina ganin Kendra daga nesa cikin baƙar riga da ta yi mata yawa, an rage mata gashi, matar da ke riƙonta tana biye da ita. Ta ɗauki butar kofi tana bi tebur tebur tana zubawa, kamar yadda kakarta ta koya mata. Na yi fatan ta tsallake ni. Ba ta tsallake ba.

Ta cika mini kofi, ta ajiye butar, ta ja kujera ta zauna. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Don rashin abin faɗa na tambaye ta ko tana rubutu a sabuwar makarantar. Ta ce tana yi, makon jiya ma ta rubuta a kan agwagin daji ta ci A, kuma ita ba ta taɓa tsayawa ta kalli agwagwa ba a rayuwarta.

Sannan ta ce, “Kin san yadda ta mutu?”

Na ce an ce huhu ne.

Ta ce a can iskar daga bango take fitowa, ta wani ɗan famfo a saman gado, ba ta da ƙara ko kaɗan. Tun ranar da aka kai ta Mummu ba ta zauna ba. Ta cire roba ta nemi takalma, a mayar mata, ta cire. Suka rubuta cewa tana da rigima, suka ƙara mata maganin barci. Kendra ta gaya wa matar gunduma maganar gunjin, matar ta ce duk yana cikin fayil. Sau biyu aka kai Kendra ziyara cikin wata biyu, duk biyun ta kunna wayar, tsohuwar ta kwanta ta yi lamo tana cewa Toivo ya kusa tashi. Kendra ta tura wa wata nas sautin, nas ɗin ta yi alkawari, bayan mako guda aka mayar da nas ɗin wani ɓangare. Ran Alhamis da yamma, wajen ƙarfe huɗu saura, aka tsinci Aili a ƙasa a bakin ƙofar fita, robar tana kan gado, takalmi ɗaya a ƙafarta ɗaya a hannu. Ta ƙara kwana biyu ba ta farfaɗo ba.

Duk wannan a hankali ta faɗe shi, tana gyara zaman cokali a kan faranti. Ba ta yi kuka ba. Ni ce ma na zubar da kofi a rigata.

“Mutum shida suka karanta insha'in nan, Malama, na ƙirga. Ke, da shugaban makaranta, da matar gunduma, da shugabarta, da lauya, da alƙali. Kowa shafi na biyu ya riƙe.”

Na ce, “Kendra, 'yata, wallahi ban yi don in cuce ki ba.”

“Na sani. An ce kin karanta shi da kyau. An ce har kin dakata a wurin takalman.” Ta ɗago ta dube ni. “Ni an karɓe mini makullin mota. Ke kina da lasisi, Malama. Mil casa'in ne kawai.”

Ta miƙe ta ɗauki butarta, ta wuce tebur na gaba tana tambayar wani tsoho ko a ƙara masa. Ban jira an yi addu'ar tashi ba. Na ɗauki rigata na hau matakala ina dafa bango.

Ban nufi gida ba, makaranta na je. Asabar ce, ba kowa sai mai shara, ya buɗe mini. Kwafi na aika wa gunduma, na asalin yana cikin aljihun teburina a ƙarƙashin gwangwanin, ban sake taɓa shi ba tun Nuwamba. Na ciro shi na tsaya a bakin taga, kusa da kujerarta, na buɗe shafi na uku. So nake in ga ko da gaske a fili ta faɗa, ko akwai yadda mutum zai karanta bai gane ba. A fili ta faɗa, yaro ɗan aji uku zai gane. A ƙarƙashin “Sai ta cire robar ta fara neman takalmanta” akwai layi biyu da koren biro, a gefe kuma rubutun hannuna ne, tsaf-tsaf: “Wannan jimlar ta yi kyau ƙwarai. Ki riƙa yin irinta.”